Kwana Goma Sha Ɗaya

"Ina kake zuwa kullum da safe?"

Tambayar da matarsa ta tare shi da ita ke nan tun bai gama cire takalmi ba.

"Shago mana, hasken idona. Ina kuma zan je?"

"Daga shagon nake! Kwaɗo ne a ƙofar. Telan da ke kusa da kai ya ce rabonka da buɗewa sati biyu, tun ranar da hannunka ya fizge ka yanki kunnen wani..."

Hannunsa na dama ya zabura ya bugi ƙyaure, yatsun suna murɗewa. Da sauri ya cafke shi da na hagu ya danne a ƙirji.

Wata huɗu ke nan tana ganin abin. Da bakinsa ya fara, yana mamula kamar mai tsotsar alewa, har tana tsokanarsa wai ya sam mata. Daga baya kafaɗa ta ɗauka, sai hannu. Mai askin da ake yi wa layi saboda laushin hannunsa, yau kofin ruwa ya gagare shi. Duk ta tambaya sai ya ce gajiya ce, ita kuwa so ya rufe mata ido, ta yarda.

"Asibiti nake zuwa," ya ce da ƙyar. "Allura ake min kullum. Yau kwana goma sha ɗaya."

"Allurar me?"

"Tunjere ne..."

Ta san sunan, ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya.

"Wallahi kafin aurenmu ne! Wani ƙurji ya fito min, ko zafi babu, ya warke da kansa. Na ɗauka ya wuce. Ashe shigewa ya yi, shekara biyar yana cin jijiyoyina har ya taɓa ƙwaƙwalwa."

Ta dafa cikinta. Sau biyu tana ɓari a gidan nan, wannan ne na farko da ya kai wata bakwai. Ta riga ta jera 'yan riguna a akwati, ta hana kowa taɓawa.

"Likitar ta san kana da mata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta san ina da ciki?"

"Tun ranar farko ta ce in kawo ki. Kullum sai ta tambaya, ni kuma in ce gobe. Kunya nake ji, masoyiyata... tsoro nake kar ki tafi."

Sai a lokacin ta tsaya ta yi tunani. Yaushe rabon da ta ji shuri? Ɗan da ke hana ta sakat da zarar ta zauna, tun jiya da rana bai motsa ba. Ta ɗauka barci yake. Ta ɗauki waya ta kira mahaifiyarta.

Mama ta riga su isa asibiti, mayafinta a karkace. Ko gaisuwar surukin nata ba ta amsa ba.

Likitar, wata mace mai gilashi, ta dube shi sau ɗaya kawai, ta ce wa matar ta hau gado. Ta shafa mata wani ruwa mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar hoton ciki. Ta kai ta dama, ta dawo hagu. Ta ƙara dannawa. Ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai gwiwar hannunsa da ke bugun ƙarfen kujera, ƙwal, ƙwal, ya kasa tsayar da ita.

Likitar ta kashe na'urar.

"Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Zuciyarsa ta tsaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Mama ta ɗora hannu a ka.

"Likita..." in ji mijin. "Da na kawo ta ranar da kika ce?"

"Ba zan yi maka rantsuwa ba. Amma da mun yi mata allura, kuma sau da yawa tana tsare jariri."

Hawaye na zuba a fuskarsa, leɓunansa kuwa suka ja gefe guda, haƙoransa a waje.

"Ke dubi! Dariya yake yi!" Mama ta miƙe a fusace. "Ka kashe min jika kana dariya?"

"Ba dariya ba ce, Mama. Ciwon ne," in ji matar. Har yanzu tana son sa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"To naki ya ishe ki. Daga nan gida za mu wuce, ba za ki sake taka ɗakinsa ba."

Ya durƙusa a gaban gadon. "Don Allah, rabin raina, ki ce wani abu..."

Matar ta juyo ta dube shi.

"Saura kwana nawa allurarka?"

"Uku."

"Ka ƙarasa, kar ka tsallake ko ɗaya." Ta share ido da gefen mayafi. "Da ka faɗa min, wallahi da na yafe maka ciwon, da ni zan riƙa rako ka. Amma kai kaɗai ka zo neman magani, ka bar mu a gida."

Ma'aikaciyar jinya ta turo keken marasa lafiya. Ya miƙo hannun hagu zai taimaka mata ta sauko, ta kama na Mama.