Saura Kati Tara

Ranar wata Laraba, bayan an tashi yara daga makarantar firamare, Zakiyya ta tsaya a ƙofar ajin ƙarshe rungume da kwalin takalmi a ƙarƙashin hijabinta. Malam Salim yana ciki yana goge allo. Ya juyo suka haɗa ido, sai tsumman da ke hannunsa ya faɗi, bai ma san ya faɗi ba.

"Kai ne Malam Salim, abokin Yaya Bilya?"

"Ni ne. Ke ce Zakiyya ke nan. Allah Ya jiƙan Bilyaminu."

"Amin," ta ce a hankali.

Shekara guda ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da Bilyaminu ke ciki a hanyar Kaduna, a inda daji ya matse titi. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan mahaifinsu, Malam Abarshi. Bai bar komai ba sai tufafinsa da wannan kwalin.

Ta buɗe shi a kan benci. Katuna ne cike, masu hotunan dabbobi da mayaƙa da gonaki, wasu suna ƙyalli.

"Baba ya ce caca ce, ita ce ta fitar da shi hanya ranar. Ya so ya ƙona su, Mama ta ɓoye. Ni tambaya ɗaya na zo da ita, kuma don Allah kada ka lallashe ni. Yayana ɗan caca ne?"

Salim ya ji maganar har cikin ransa.

"Wallahi ba shi ba ne. Ba a sa ko kwabo a wasan nan. A Zariya muka koyo shi muna karatu. Kowa yana tara katunansa, a yi musaya, sannan mutum ya zaɓi arba'in ya haɗa abin da muke ce wa dami, shi yake bugawa da shi. Amma kada ki ɗauki maganata. Ki bari in haɗa miki damin 'yan koyo, ki buga da hannunki, ki yanke hukunci."

Haka aka fara. Sau biyu a mako take zuwa barandar makaranta kafin la'asar, Malama Rebecca, abokiyar aikinsa, na gefe tana duba littattafan yara, tana yi kamar ba ta jin komai, alhali babu abin da ke wuce kunnenta.

Zakiyya ta yi abin da duk ɗan koyo yake yi. Ta tsince duk katin da ke ƙyalli ta tara a gabanta, a samansu wani ƙaton dodo mai fiffike wanda ta sha ganin yayanta yana goge shi da bakin rigarsa.

Salim ya yi murmushi.

"Ɗalibata, kin tara manyan baƙi babu abincin ba su. Kowane kati sai an ciyar da shi da katin guzuri kafin ya sauka fili. Ki zaɓi launi ɗaya tukuna."

"Shuɗi."

"To. Guzuri sha shida. Ƙananan mayaƙa sha takwas, waɗanda guzuri ɗaya ko biyu ya ishe su. Katin dabara shida. Shi ke nan."

"Waɗannan munanan? Har da kunkuru?"

"Kunkurun nan zai tsare ki fiye da yadda kike zato."

A ƙasan kwalin akwai wani ƙunshi daban, an ɗaure shi da roba. Ta miƙa hannu, ya dakatar da ita.

"Wannan damin da yake kan haɗawa ne. A wajenmu ba a kwance damin mutum sai da izininsa."

Ta janye hannunta, idonta ya kawo ruwa. Daga ranar ta fara ganin girmansa, shi kuwa tun ranar tsumma aka gama da shi.

Da ta fara cinye shi wasa, ta koma gida ta tura masa saƙo:

"Malamina, kunkuru ya yi aiki. Yau na yi dariya, rabona da yi tun rasuwar Yaya. Na gode."

Sabis ya ɗauke, sai washegari da hantsi amsarsa ta shigo:

"'Yar koyona, dariyar nan ni ma ta bi ni har gida. Tun da muka baro Dogon Dawa ban ji na zauna a garin nan da gaske ba sai yanzu. Ina son ki. In kin yarda, zan turo magabatana."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta:

"Na yarda. Amma ka san Baba."

Akwai wanda ya riga shi shiga layi. Naziru, mai shagon kayan babur a bakin tasha, ɗan aminin Malam Abarshi ne, kuma ya daɗe yana zuwa zance ana ba shi uzuri. Ba mugu ba ne can can, amma kishi ya sa shi zama ɗan rahoto. Shi ya tare ta a hanya wata rana.

"Kin san katin dodon nan na marigayi, 'yan Kaduna suna nemansa ido rufe? Ki duba ko yana nan. Malamin naki ba ke yake so ba, kwalin yake so."

Dama Salim ya tafi da kwalin kwana biyu don ya jera mata katunan launi-launi. Ta koma gida ta zazzage shi a kan tabarma. Babu dodo a daminta, babu shi a sauran. Ranta ya ɓaci. Ba ta tsaya tunani ba ta rubuta:

"Malam Salim, ina katin Yaya mai ƙyalli? Da ka roƙa da na ba ka. Kada ka sake kira na."

Amsar ba ta jima ba:

"Ki ɗaga kwalin da ke manne a cikin murfi, na naɗe shi a farar takarda don kada ya goge. Na cire shi daga daminki ne saboda sai an tara guzuri bakwai yake sauka, ɗan koyo zai riƙe shi a hannu har a cinye shi. Laifina ne da ban faɗa miki ba. Amma zaton ya yi mini ciwo, Zakiyya."

Ta ɗaga murfin, ga shi nan lafiya lau. Kunya ta rufe ta, ta zauna ta yi kuka sosai.

"Ka yafe mini, Malamina. Na saurari wanda bai kamata ba."

"Na yafe tun kafin ki tambaya, 'yar koyona."

Naziru da ya ga nan ba ta ɓulle ba, sai ya wuce wajen uban. Ranar da kawun Salim ya zo da maganar aure, Malam Abarshi ya saurare shi har ƙarshe a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inda yake yini tun da gonarsa ta bakin daji ta gagari zuwa damina biyu.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Karta ta ci mini ɗa. Ba zan ɗauki 'yata in ba wanda ya koya masa ba."

Da ya shiga gida bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo.

"Zakiyya, kwalin nan ya bar gidana kafin Juma'a. Kullum in na yi salla sai na roƙa wa yayanki gafarar abin da ya mutu a kansa. Kada ki ƙara mini wani nauyin."

Ranar Alhamis ta kai wa Salim kwalin a makaranta. Ba ta zauna ba.

"Ka riƙe shi. Ba zan saɓa wa Baba ba, ko da zan mutu da son ka."

"Ba zan ce ki saɓa masa ba."

Ta ciro ƙunshin nan mai roba.

"Mai shi ba zai dawo ya ba da izini ba. Ni ƙanwarsa na ba ka. Ka kwance in ga abin da ya bari kafin in tafi."

Salim ya yi bismilla ya cire robar, ya shimfiɗa katunan a kan benci. Ya ƙirga, talatin da ɗaya. Ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗago ya dube ta.

"Mene ne?"

"Duba da kyau. Babu kati ko ɗaya mai rubutu a ƙasansa. Hoto ne da lamba kawai. Bilya gwani ne, ba zai haɗa wa kansa irin wannan ba. Damin ɗan koyo ne, kuma ɗan koyon da ba ya karanta Turanci."

Ta sunkuya. Shanun noma, rumbu, gonar hatsi, kare mai gadi, wani tsoho da fartanya.

"Guzurinsa bakwai ne kacal," in ji Salim. "Saura tara. Ranar da zai tafi ya ce mini kati tara zai samo a wajen masu musaya a Kaduna. Na yi ta mamaki, don katin guzuri shi ne mafi araha a wasan, sai dai koren da damin nan ke buƙata ya ƙare mana a nan."

Zakiyya ta dafe bakinta. Ta tuna wata safiya da yayanta ya leƙa waje ya ga Baba zaune shi kaɗai, ya ce mata, "Zaman shirun nan zai kashe tsohon nan. Bari in samo masa abin da za mu riƙa yi tare."

Washegari bayan an sauko daga masallaci, Salim ya zo ƙofar gidan ya durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Saƙon Bilyaminu na kawo, in na ba ka zan tafi."

Jin sunan ya sa tsohon bai kore shi ba. Salim ya jera katunan a gabansa, ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Zakiyya daga bakin zaure ta faɗi maganar da yayanta ya yi.

Malam Abarshi ya ɗauki katin shanun noma ya kai kusa da idonsa.

"Ka ce ba a sa kuɗi?"

"Ko kwabo, Baba. Ka tambayi duk wanda ka yarda da shi, ko ka zauna ka gani da idonka."

"Kuma ni ya haɗa wa wannan?"

"Kai ne. Ya zaɓi waɗanda za ka gane da ido, ba sai an karanta maka ba. Gaskiya ne kati ne ya fitar da shi hanya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba caca ya tafi ba."

Tsohon ya ƙura wa katin ido. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba.

"Shekara guda ina jin kunyar ɗana a kabarinsa," ya ce. "Ashe ni ya tafi nema wa abokin hira."

Salim ya zaro kati tara daga aljihunsa, koraye, ya ajiye a gefen tabarma.

"Daga nawa damin na ciro su. In ka yarda, damin ya cika."

Malam Abarshi ya dube su, ya dubi saurayin. Da hannunsa ya tattara su ya haɗa da sauran.

"Gyara zama, Salimu. Nuna mini wanda ake fara saukewa."

Bai ba da amsar aure a ranar ba, dattijo ne, sai da ya yi bincikensa. Ya zauna ya kalli wasa uku, ya tambayi limamin unguwa, ya aika aka tambayo asalin Salim wajen mutanen Dogon Dawa. Bayan mako biyu ya aika a kira kawun. Naziru ya zo da kansa ya ba da haƙuri, aka yafe masa.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Salim:

"Malamina, Baba ya ce bayan an girbe masara. Yau ya cinye Mama wasa, yana ta yi mata dariya."

"Alhamdu lillahi, amaryata. Ki ce masa ina nan tafe, kada ya saba da nasara."

An ɗaura auren wata Asabar da hantsi a ƙofar gidan. Mutane sun cika, har da waɗanda suka taso daga Tsohon Birnin Gwari a kan babura. Malama Rebecca na cikin gida tare da mata, tana gaya wa kowa cewa a gabanta aka fara.

Da aka shafa fatiha, Malam Abarshi ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, a wurin nan na sha faɗa muku cewa ɗana Bilyaminu ya mutu a hanyar caca. Na zalunce shi. Ku shaida na janye, kuma duk wanda ya ji daga bakina ya isar wa wanda ba ya nan. Yaron kirki ne, a hanyar jin ƙaina ya rasu."

Wuri ya ɗauki salati. Zakiyya tana jiyo shi daga ɗaki, ta kifa kanta a cinyar Mama tana kuka, amma wannan karon zuciyarta wasai take.

Tsohon ya kamo hannun Salim ya riƙe da hannu biyu.

"Ga Zakiyya nan na ba ka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya tsare muku hanya duk inda za ku. In Allah Ya ba ku namiji, ina roƙon alfarmar suna."

"An ba ka, Baba," in ji Salim.

Jama'a suka amsa da amin.