Yashi a Cikin Injin Numfashi

Da hantsi Sufeto ya isa gidan tsohon tela. An riga an fitar da gawa, amma injin iskar da marigayin ke numfashi da shi yana gefen gado yana gurnani, an rasa mai ƙarfin halin kashe shi. Sufeto ya ga mutuwa kala-kala, amma ɗakin nan sai da ya tayar masa da tsigar jiki.

Babban ɗan marigayin ne ya kai ƙara, wai autarsu mai jinyar tsohon ta gaji, ta riƙa kashe injin. Rabonsa da gidan wata huɗu, amma bakinsa ya fi na kowa. Auta ta rantse injin bai taɓa tsayawa ba, sati biyu da suka wuce ma ta kai shi gyara. Sufeto ya tausaya mata, domin in ba a samu wata hujja ba, ita za a tsare.

Ya kai injin wurin wata malamar kimiyya. Ta kwance gwangwani biyu daga cikinsa, ta ce a nan ake zuba ziyolait, wani ma'adini na alminiyam da silika mai ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Shi ke riƙe naitirojin, ya bar oksijin ya wuce wa majinyaci. Ta zuba masa busasshen ziyolait na gaske a tafin hannu, ta ɗiga ruwa, nan take ya ɗau zafi har Sufeto ya yarfe hannu. Da ta gwada na cikin injin, sanyi ƙalau.

"Yashi ne, Yallaɓai. An kuma tsinke wayar ƙararrawar da ke gargaɗi in oksijin ya ragu."

A shagon da Auta ta kai injin, mai gyara ya ce shi fanka kawai ya canja.

"Ka buɗe gwangwanayen?"

"Ko taɓa su ban yi ba."

"To wannan bokitin yashi da rariya a ƙarƙashin tebur fa? Gini kake yi?"

Nan mai gyara ya amsa cewa wani babban kwastoma ne ya matsa masa, kaya kuma ba su iso ba, sai ya juye masa ziyolait ɗin injin tsohon, ya maye gurbinsa da yashi.

"Wallahi niyyata in mayar. Ban zaci zai tafi da wuri haka ba."

Aka buga masa ankwa, aka tura shi mota.

Sufeto ya koma gidan da kansa, ya shaida wa Auta a gaban yayanta cewa ba ta da laifi. Ya zaci za ta samu sauƙi. Sai ta ce:

"Kullum sai ya ce min, 'Auta, iskar nan ba ta isa ta.' Ni kuma in gyara masa robar hanci, in ce, 'Baba, ka kwantar da hankalinka, ba ka jin injin yana aiki?'"