Sandar Giya Daidai Hannun Maharazu

Gara a sani tun farko, birkin a-kori-kurar nan zai tsinke a gangaren hanyar Maiha, da buhun wake goma sha biyu a bayanta da mutum biyu a gaba. Amma ranar Asabar ɗin da ta shigo garejin Malam Hammanjoda a unguwar Yelwa ta Mubi babu wanda ya san haka, kuma ba don birki aka kawo ta ba. Kulocinta ne yake santsi.

Mai garejin ya tafi kasuwa neman kayan gyara, 'yarsa Hapsatu ce kaɗai a wurin. Tana shekarar ƙarshe a poli, ɓangaren injiniyan ƙere-ƙere, ranar da babu aji kuma takan sa rigar aiki ta kama sifana. Da motar ta kawo bakin ƙofa sai ta ga abin da bai taɓa shiga idonta ba. Direban ya saki sitiyari gaba ɗaya, ya ƙetaro da hannun hagu ya ja giya, sannan ya koma ya cafke sitiyarin.

Ya fito, dogo, fari tas da wankakkiyar shadda. Hannunsa na dama a lanƙwashe yake a gwiwa. Tun yana yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, aka yi masa ɗori, ya warke a haka, ba ya miƙewa.

"Sannu da aiki. Ina mai garejin?"

"Ga ni," in ji ta.

Ya dubi sifanar hannunta, ya dubi baƙin mai a yatsunta, ya yi murmushi. "To Injiniya, ga marar lafiya na kawo."

Sunansa Maharazu. Kakansa ne ya zo Mubi daga Gusau da fataucin hatsi, motar kuma ta mahaifinsa ce marigayi, da ita suke ɗauko wake da gyaɗa daga Maiha. Akwai direban da ya ɗauka, Mansir, amma ransa ba ya kwanciya sai ya zauna inda mahaifinsa yake zama. Kulocin da za a gyara a yini guda sai da ya kawo shi garejin sau biyar a wata ɗaya. Yau ya ji wata ƙara, gobe fitila tana lumshewa.

Saƙonsa na farko ya ce: "Injiniya, motar ta warke. Mai motar ne bai warke ba."

Ta bar shi har bayan la'asar kafin ta amsa: "Ba ma duba mutane a garejinmu. Amma ka kawo shi mu gani."

Daga nan ta soma kiransa Direbana.

Malam Hammanjoda mutum ne mai yawan fargaba. Shekara talatin yana janyo motocin da suka yi hatsari, ya san yadda sitiyari yake lanƙwashewa idan ƙirji ya buge shi. Hapsatu sunan mahaifiyarsa gare ta, Dada yake ce mata, in ta makara da minti goma sai ya fito bakin titi ya tsaya. Da kawun Maharazu ya aiko cewa suna son zuwa gaisuwa, sai ya ce a dakata. Mansir, wanda shi ma ya daɗe yana zagayen garejin da tsarabar rake don Hapsatu, ya riga ya raɗa masa yadda maigidansa yake tuƙi idan sun fita gari.

Malam Hammanjoda ya kira Hapsatu bayan gareji, ƙarƙashin dalbejiya.

"Dada, ba hannunsa na ƙi ba, Allah ne ya yi shi. Yaron yana da kunya, yana da salla. Amma mutumin da yake sakin sitiyari da lodi a bayansa, ba zan ba shi ke yau ba, gobe in je in janyo motarsa. Ya bar tuƙi har abada, ko ya bar ki."

Maharazu ya ji sharaɗin. Bayan kwana biyu ya rubuto mata: "Zan iya yi wa Baba alkawari, amma na san zan karya. Ba na son in shiga gidanku da ƙarya."

Hapsatu ta karanta, ta ajiye wayar, ta je ta zauna a cikin wata tsohuwar a-kori-kura tana kai giya gaba tana dawo da ita. Daga lamba biyu zuwa uku sai ta miƙe hannu har kafaɗarta ta bar kujera. Ashe ba ƙarfi Maharazu ya rasa ba. Nisa ne ya fi hannunsa.

Washegari, a gaban mahaifinta, ta sa Maharazu ya zauna a kujerar direba. Ta kafa kwali a gefen giyar, ta ba shi alli, ta ce ya zana iyakar inda hannunsa na dama yake kaiwa, gaba da baya. Ya zana. Ita kuma ta zana tafiyar sandar giyar a sama da nasa. Layin sandar ya fi nasa da faɗin yatsu huɗu.

Malam Hammanjoda ya ce ai sai a yanke sandar, haka ake yi. Ta ce in an yanke, kan sandar zai yi ƙasa, ya ƙara yi masa nisa. Ta kwance murfin, ta zaro sandar ta nuna masa ƙwallon ƙarfen da take juyawa a kansa. In aka ɗaga ƙwallon sama kaɗan, aka ƙara wa ƙasan sandar tsawo, aka sa faranti mai kauri ya ɗaga mazauninsa, to ɗan motsi a sama zai yi cikakken aiki a ƙasa. Za ta ƙara tauri, amma tafiyarta za ta ragu. Ta ce a wasu ƙasashe a shirye ake sayar da irinta ga masu son gudu, ta gani a waya. Ita za ta ƙera tata, kuma ta ɗan karkato kan sandar wajen direba.

Uban ya karɓi sandar ya juya ta a hannunsa. Ya kwance irinta ta fi ɗari, bai taɓa tambayar kansa me ya sa ƙwallon yake daidai wurin nan ba. Ya dubi 'yarsa kamar yau ya soma ganinta, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Walda tana karyewa."

Mako uku tana kai da kawo wurin masu sassaƙa ƙarfe. Farantin farko ya yi kauri, ribas ya ƙi shiga. Na biyu ya zauna. A cikin makonnin nan ne Mansir ya sami maigidansa a kasuwar hatsi, ya ce masa cikin dariya ai duk poli an san labarin, hannunsa ne aikin kammala karatun Hapsatu, har kwalin ta kai wa malamanta. In ta ci maki, shi ke nan.

Maharazu ya daina zuwa. Ta kira bai ɗauka ba. A rana ta huɗu ya rubuto layi ɗaya: "Maki nawa hannuna ya ci?"

Ta rubuta masa: "Gaskiya ne na kai wa malamina zanen, kuma na yi laifi da ban tambaye ka ba. Na riga na fara wani aikin a kan injin niƙa, na ajiye shi, domin ba zan iya raba hankalina biyu ba. Babu sunanka a ciki. In ka ce in janye, gobe zan janye in maimaita shekara. Giyar kuma ba ta poli ba ce. Hannu ɗaya tak aka auna ta da shi a duniya."

Washegari da hantsi sai ga shi a bakin gareji a kan keke napep, da ƙullin gyaɗa soyayya.

"Kada ki janye, Injiniya. Amma in an ba da makin, rabi nawa ne."

"Kashi ɗaya cikin uku. Kai alli kawai ka riƙe."

Ranar da aka ɗaura sabuwar sandar, Maharazu ya zauna ya kama sitiyari da hagu, ya ɗora dama a kan sandar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ribas, kowacce tana shiga da ɗan ƙas, gwiwar hannunsa ko motsi ba ta yi sosai ba. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Sai ya kifa goshinsa a kan sitiyarin, Hapsatu ta juya baya tana goge sifanar da ba ta da datti.

Malam Hammanjoda ya ce a tsaye kowace giya tana shiga. Sai an je Maiha an dawo da lodi, shi kuma yana gefe, sannan zai yi magana. Kafin tafiyar ya duba motar da kansa. Ya kwance sandar 'yarsa sau uku, ya ƙwanƙwasa waldar da guduma, ya haska ta da tocila, ya ɗaure notinan ya sake ɗaurewa. Hankalinsa duk yana can. Tiyon man birki na ƙafar baya, wanda ya tsufa ya tsattsage, bai leƙa shi ba.

Sun tashi da safe ranar kasuwa. A tafiya idon Malam Hammanjoda yana kan hannun yaron. Aka yi lodin wake, suka yi azahar, suka juyo. Sitiyari bai taɓa zama babu hannu a kansa ba, ya lura da wannan, ya kuma lura yaron ba ya gaggawa.

Akwai wata doguwar gangara da take sauka zuwa mayo, wato rafi, da 'yar siririyar gada a ƙasa. Suna shiga da lamba huɗu suka hango garken shanu ya cika gadar, ana kora su kasuwar Mubi. Maharazu ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya sake takawa, babu komai.

"Baba, birki ya tafi. Ka riƙe na hannu, amma kada ka ja sai na ce."

Ya taka kuloci, ya ɗan ba ta wuta, ƙas, lamba uku. Injin ya yi kuka, buhuna suka dannu a bayan kujera. Hagunsa yana kan sitiyari yana kauce wa rami. Ƙas, lamba biyu. Motar ta yi gurnani kamar za ta amayar da cikinta, gudun ya ragu, amma shanun suna ta girma a gilashi, makiyayin ya ɗaga sanda ya daskare. Malam Hammanjoda yana salati, idonsa a kan 'yar waldar da ya ƙwanƙwasa da guduma, duk nauyin motar da rayukansu a kanta.

Ƙas, lamba ɗaya.

"Yanzu, Baba. A hankali."

Ya ja. Tayoyin baya suka yi ƙara, motar ta ja jiki, ta ja jiki, ta tsaya. Wani farin bijimi ya juyo ya shinshina fitilarta, ya wuce.

Malam Hammanjoda ya fita ya sa dutse a taya, ya kwanta ƙarƙashin motar, ya ga man birki yana ɗiga daga tiyon da bai duba ba. Ya fito da man a tafinsa, ya zauna a bakin hanya. Ya dubi gangaren har sama, ya dubi lanƙwasasshen hannun, ya girgiza kai.

"Laifina ne," in ji shi. "Na tsare aikin yarinya, na manta nawa."

Maharazu ya durƙusa ya ce Allah ne ya tsare, kowa yana mantuwa.

"Useko, na gode, ɗana. Ka ce wa kawunka su zo ranar Juma'a."

Wayar Maharazu ta yi ƙara a aljihu. Saƙon Hapsatu ne: "Direbana, kun yi shiru. Giyar ta ba da matsala ne?"

Ya nuna wa dattijon. Malam Hammanjoda ya karɓi wayar, ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, yana ɓata gilashin da mai: "Dada, ni ne. Giyarki lafiya. Allah ya yi miki albarka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Mutanen gareji da na kasuwar hatsi suka cika layi, har Mansir ya zo, ya yi ta ɗaukar kujeru ba ya haɗa ido da kowa, ango kuma ya bar shi a bakin aikinsa. Da aka zo kai kayan ɗaki, amarya ta ce ba a wata mota za a kai ba sai a-kori-kurar, wadda uban ya sauya wa tiyon birki na ƙafa huɗu da hannunsa. A cikin kayan, tsakanin akwati da madubi, akwai wani tsohon kwali mai layin alli biyu. Gwaggonninta suka so jefar da shi, ta hana. Yana rataye a ɗakinta.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare su a kan kowace hanya.

Malam Hammanjoda har yanzu yakan fito bakin titi ranar kasuwar Maiha ya tsaya sai ya hango motar. Duk wata yakan sa a kawo ta ya duba waldar, sannan ya duba birki. Shekara nawa waldar za ta yi, ba wanda ya sani. Shi kuma har yau bai san ko da hannunsa biyu masu lafiya da tsohuwar doguwar giya zai iya tsayar da motar nan kafin gada ba.