Ƙwayoyin Da Zulaihat Ta Zubar

Zulaihat na tsugune a ƙofar kicin tana soya wainar ƙwai, wayar mijinta ta yi ƙara a kan kujera. Manniru yana banɗaki. Shekara huɗu da aurensu ba ta taɓa buɗe masa waya ba, amma yau idonta ya sauka kan fuskar wayar, ta ga suna: Muhibbat.

"Ya ka kwana? Ka samu barci jiya? Ranar Alhamis ƙarfe huɗu, kada ka makara."

Sai da ta karanta sau uku. Ƙaurin wainar ne ya dawo da ita hayyacinta.

Manniru ya fito yana goge kai, ya ɗauki wayar ya duba, ya jefa ta aljihu.

"Abban Radiyya, wa ke nemanka da sassafe haka?"

"Harkar kasuwa ce," ya ce, bai ko kalle ta ba.

Manniru ɗan kasuwa ne mai sayar da albasa a kasuwar Shasha. Wata uku da suka wuce motarsa ta kife a kusa da Ojoo, amininsa Jafaru ya cika a gefensa yana riƙe da hannunsa. Tun daga ranar ya daina tuƙi, ya ɗauki direba, ya rage magana, barci ya ƙaurace masa. Sai kwanan nan ta ga ya soma samun barci, har ta yi sadaka don godiya. Ashe akwai wata can da ke tambayar barcin mijinta!

Yana fita ta ɗauki mayafi, ta goya 'yarsu Radiyya, ta hau keke napep zuwa gidan yayarta Rahmatu a bayan babban masallacin Sabo, unguwar Hausawa. Tun daga zaure take kuka.

"Muhibbat? Wannan ai sunan Yarbawa ne!" Yaya Rahmatu ta tafa hannu. "Ke kina gida kina ƙona ƙwai, wata na can tana juya miki miji! Kin duba kayansa?"

"Yaya, ni ban saba..."

"Yau za ki saba. Oya, tashi mu je!"

A aljihun tsohuwar jakarsa ta tafiya suka samo wata 'yar kwalba, da ƙananan ƙwayoyi farare a ciki. Yaya Rahmatu ta kai wa mai kemis na bakin layi, ta dawo tana haki.

"Maganin barci ne, mai ƙarfi! Ya ce ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma 'yan ƙwaya na rububinsa. Kin gani ko? Ita ta koya masa. Da shi take riƙe da shi, ko ba ki gane ba? Zubar da su yanzun nan!"

Akwai wata 'yar takarda manne a jikin kwalbar da rubutun Turanci. Zulaihat ta yi sakandare, da ta tsaya da ta karanta. Amma kishi ya rufe mata ido. Ta juye ƙwayoyin a masai, ta kora da ruwa.

Bayan isha'i Manniru ya birkice ɗakin yana nema.

"Zulai, kin ga wata kwalba a jakata?"

"Ka tambayi Muhibbat mana! Ita da ta san yadda kake kwana, ai ta san inda kayanka suke!"

Ya tsaya cak. "Kin buɗe min waya?"

"Na zubar da su! Ni ba zan zauna da ɗan ƙwaya ba, ba kuma zan zauna wata na yi min wasa da miji ba!"

Ya ɗauki filo ya koma falo. Ita kuwa shirun nasa ta ɗauka a matsayin amsa laifi.

Kwana biyu ba sa magana. Tana ganin idanunsa sun yi ja, tana ganin kofin shayi na karkarwa a hannunsa har yana zuba, gumi na tsattsafo masa ko da fanka na juyawa. Zuciyarta ta so ta karaya, sai ta kira yayarta.

"Ƙyale shi! Kewar budurwarsa ce," in ji Yaya Rahmatu.

Ranar Laraba da azahar aka kira ta daga Shasha. Manniru ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin buhunan albasa, jikinsa na fizga, an yi asibiti da shi. Ko takalmi ba ta saka daidai ba, ta ajiye Radiyya a wurin maƙwabta ta tare mai okada ta haye babur ɗin.

Ta same shi kwance da ƙarin ruwa a hannu, leɓensa a fashe. Wata matashiyar likita ce tsaye a kansa, doguwa, sanye da farar riga da ɗan ƙaramin hijabi.

"Ke ce matarsa? Sannu. Sunana Dakta Muhibbat."

Zulaihat ta dafa bakin gado.

Likitar ta ja mata kujera. Da Hausarta tar, irin ta wadda ta tashi a Sabo, ta ce, "Ya gaya min abin da ya faru da maganin. Ki saurare ni da kyau. Mijinki ba ɗan ƙwaya ba ne. Tun bayan hatsarin nan yake fama da fargaba da rashin barci, ni nake duba shi. Wannan magani na ɗan lokaci ne, kuma idan jiki ya saba da shi ba a yanke shi rana ɗaya. A hankali ake ragewa. Mun riga mun sauko zuwa rabi, shi ya sa nake bibiyarsa a waya. Yanke shi farat ɗaya shi ya kawo fizgar nan. Da a kan titi ta same shi fa?"

"Na shiga uku!" Zulaihat ta rufe fuska. "Wallahi ban sani ba, Dakta! Na zata... na zata ke..."

"Na gane abin da kika zata." Ta ɗan murmusa, sannan ta juya ga Manniru, fuskarta ta canza. "Kai ma da laifinka, Malam Manniru. Sau nawa na ce ka zo da matarka? Kuma da maganin ya salwanta, me ya hana ka kira ni a ranar? Sai ka zauna jiran Alhamis?"

Likitar ta fita. Zulaihat ta durƙusa a gaban gadon.

"Abban Radiyya, ka yafe min. Saura kaɗan in kashe ka da hannuna."

"Tashi, Zulai." Muryarsa a dushe take. "Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Ta yaya zan dube ki in ce ina jin tsoro? In ce da na rufe ido Jafaru nake gani? Na ce za ki raina ni, a ce mijinki ya samu taɓin hankali. Ko sunanta a waya ban sa Dakta ba don kada wani ya gani a kasuwa."

"In raina ka? Ni da na yi ta kuka ina zaton wata ta ƙwace min kai!"

Ya yi 'yar dariya, hawaye na gangaro masa ta gefen ido. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin hatsarin.

Kafin a sallame shi, Dakta Muhibbat ta zaunar da su biyun. Ta mayar da shi kan maganin, ta rubuta yadda za a riƙa ragewa mako-mako, ta damƙa takardar a hannun Zulaihat. Kada ya ƙara ko ya rage da kansa. Kada ya haɗa shi da maganin tari mai sa maye ko wani maganin barci. Kada ya yi tuƙi. A kulle shi inda Radiyya ba za ta kai ba, kuma ko wa ya roƙa kada a ba shi ko ƙwaya ɗaya.

Washegari Yaya Rahmatu ta zo dubiya da kular farfesu, kanta a sunkuye.

"Manniru, ni na zuga ta. Ka yi haƙuri."

"Ya wuce, Yaya."

Zulaihat ta raka ta har bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Yaya, ina girmama ki. Amma daga yau abin da ya shafi ɗakina, mijina zan fara tambaya."

Sati bakwai aka yi ana rage maganin. Ba duka kwanakin ne masu daɗi ba, wata rana ya tashi da faɗa, wata rana ya wuni bai ce uffan ba. Zulaihat ta haƙura. Duk Alhamis tare suke zuwa asibiti, ita ke riƙe da takardar. Gaskiya har yanzu idan likitar ta yi wa mijinta murmushi takan matso da kujerarta kusa da tasa, shi kuwa ya yi ta yi mata tsiya a hanyar gida.

Ranar da aka ce ya gama, Manniru ya karɓi makullin mota daga hannun direbansa a karon farko, ya ɗauki matarsa da 'yarsa, suka je gaishe da mahaifiyar Jafaru.

Zulaihat takan ba ƙawayenta labarin nan ba tare da ta ɓoye nata laifin ba. Takan ce mace ta tambaya kafin ta yanke hukunci, namiji kuma kada ya ɓoye wa matarsa ciwonsa don gudun raini. Maganin da likita ya rubuta kuwa, likita ne kaɗai ke cewa a fara, shi ne kuma ke cewa a daina.