Hannu Ɗaya A Aljihu

Ranar da Zuwaira ta tsallaka gada zuwa unguwar Walia, ampli ne, na'urar ƙara sauti, rungume a cinyarta a bayan babur, nannaɗe da tsohon zane. Na kakanta ne, wanda ya taso daga Katsina da niyyar Makka, tafiyar ta tsaya masa a N'Djamena. Irin na da ne mai kwalabe a ciki, sai sun yi zafi sun yi ja sannan sauti ya fito. Shekara ashirin ba a kunna shi ba.

Shafi'u mai facin taya aka ce ta nema. Da safe faci yake, da la'asar ya shige ɗakinsa ya zauna da tsofaffin rediyoyi. Haka Allah ya yi shi.

Ya buɗe zanen a hankali, ya ɗago ya dube ta, ya sake duban amplin don ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kunna mu ji," in ji ta.

"A'a, 'yar'uwa. Wanda ya daɗe yana barci ba a tashinsa da ihu. Kaɗan-kaɗan zan riƙa ba shi wuta, ta cikin ƙwan fitila. Sati biyu."

"Sati biyu! Kai kam ba ka da sauri."

"Ke kuma kin kwashe nawa kin haɗa da naki."

Ta yi dariya. Shi ke nan, kalas, soyayya ta ƙullu tsakaninsu tun ranar.

Sati biyu ya zama wata uku, ana jiran kwalba ɗaya daga garin Kuseri, ƙetaren kogi. Zuwaira ba ta iya zama. Ta tura saƙo, ta leƙa waya, ta ajiye, ta sake ɗauka.

*Mai kwalabe, tun azahar nake magana. Ko ampli ya fi ni ne?*

Sai dab da magariba amsa ta zo.

*Zuzu, waya tana sa shi ƙugi, a tsakar gida nake barinta. Amma ke kina ciki tare da ni.*

A unguwarsu kuwa, Goudji, akwai Abbas mai shagon lasifika, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa wajen babanta, Malam Ilyasu, don shi ma yana son ta. Shi ya ce, "Baba, irin waɗannan masu gyaran, jan ƙarfen ciki suke cirewa su sayar."

Malam Ilyasu bai yi shawara da kowa ba, ya hau mota sai Walia. Ya tarar da amplin ɗan tsirara a kan tebur, kwalabe jajur, Shafi'u sunkuye yana awo, hannunsa na hagu cikin aljihu. Dattijo ya yi sallama, ya miƙa hannu ta saman amplin.

"Kar ka taɓa! Ja baya!"

Tsawa ce sosai Shafi'u ya daka. Kuma hannun yana nan a aljihu. Malam Ilyasu ya juya, ko takalmi bai gama sawa ba.

"Yaron da zai daka mini tsawa, hannu a aljihu kamar komanda? Ba zai auri 'yata ba."

Kwana tara Zuwaira ba ta ci abincin kirki ba. Ta share ɗaki ta sake sharewa.

*Me ya sa ka yi wa babana haka?*

*Wallahi tsoro ne, Zuzu. Ban iya magana ba, amma in ya yarda zan nuna masa.*

Goggo Wasila, yayar Malam Ilyasu, ita ta tsaya. "Ilyasu, tun kana yaro kake yanke hukunci kafin a gama magana. Tashi mu je."

Suka je. Shafi'u ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe su da hannu biyu. Sannan ya kunna amplin ya yi zafi, ya kashe, ya zare wayar wutar daga bango ya miƙa wa Malam Ilyasu.

"Baba, yanzu ba wuta ko?"

"Ga wayar a hannuna."

Shafi'u ya sa sukundireba mai mariƙin roba ya taɓa wani wuri a ciki. Tas! Wuta shuɗiya ta yi tsalle. Goggo ta yi salati, bakin ƙarfen ya yi baƙi.

"Ko an kashe shi yana riƙe wuta. Nan hannunka ya nufa, Baba, kuma ran nan a kunne yake. Hannu ɗaya muke sawa a aljihu don kar wuta ta shiga ta wannan ta fita ta wancan, ta bi ta zuciya. Ka yafe mini tsawar."

Malam Ilyasu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Da ka tsaya ladabi fa?"

"Da yanzu ana zaman makoki."

"To, kwalbar Kuserin ta iso?"

"Jiya, Baba."

"Sai ka haɗa. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ilyasu. Abbas ma ya zo, ya ci goro. Da aka shafa fatiha, dattijo ya riƙe hannun Shafi'u, ya ƙi saki.

"Yadda ka tsare ni, ka tsare mini ita. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a zuriya."

Daga cikin gida Goggo ta rangaɗa guɗa. Zuwaira na ƙarƙashin mayafi, ƙawaye na tsokanarta, ita dai amin take ta faɗa a hankali.