Dutsen Iyakar Malam Jalo

Malam Jalo ya shekara talatin da biyar yana yaƙi da jahilci a makarantun jihar Bauchi. Ranar da ya ajiye alli, jahilci na nan lafiya ƙalau, shi ne ya koma gida da ciwon gwiwa.

Kimiyya ya koyar, kuma ya yarda da ita har zuciya. Bai taɓa musun akwai aljanu ba, tunda Littafi ya faɗa. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce sun rasa aikin yi sai bin mutanen Bauchi.

Da ya yi ritaya sai ya sayi fili a bayan Tirwun, daidai inda sababbin gidaje suke ƙarewa fadama ta fara. Wurin ya kwanta masa. Ruwa shimfiɗe, bado ya rufe rabinsa da fararen furanni, kainuwa na yawo a gefe duk inda iska ta kora ta. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar sufeton makaranta. Gefe guda gonakin shinkafa, can tudu kuma wata tsohuwar giginya ita kaɗai.

Amos safiyo ya auna filin, ya kafa duwatsun iyaka huɗu na siminti, kowanne sai ƙarti biyu sun ciccibe shi. Uku suka zauna inda aka ajiye su. Na huɗun, na kusurwar da ke kallon ruwa, ya ƙi zama. Sau biyu ana wayar gari a tarar ya dawo cikin filin da taku goma sha ɗaya, a tsaye kyam, ramin da ya baro kuma an cike shi an daddaɓe.

Taku goma sha ɗayan nan kuwa nan ne Malam Jalo ya zana ɗakin karatunsa, mai taga tana kallon ruwa, ɗakin da ya shekara talatin yana yi wa kansa alkawari. Ranar Asabar masu haƙa harsashin gini za su zo, kuma duk inda suka tarar da dutse nan za su ja igiya.

"Wannan ne na ƙarshe, Malam," in ji Amos ranar Alhamis, bayan sun kafa dutsen karo na uku. "Ni awo na koya. Wannan kuma aikin fasto ne."

Malam Jalo ba ya bukatar fasto, don yana da wanda yake zargi. Hammajoda, dattijon makiyayi, kullum da yamma ta gefen nan yake gangaro da shanunsa su sha ruwa. Katanga za ta takura masa. Ga dalili, ga dama, ga ƙarfi. Sai ya tare shi.

"Hamma, shanunka sun fara ɗaukar siminti ne?"

"Shanuna ko ƙwarya ba sa ɗauka, Modibbo."

"To wa ke matsar mini da dutse?"

"Kai ka sa shi a kan hanya."

"Hanyar wa?"

Hammajoda ya ɗaga sanda ya nuna. Daga gindin giginyar har bakin ruwa akwai wani siririn fili miƙaƙƙe, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Manoman shinkafa sun shuka dama da hagu sun bar shi. Ciyawarsa kore shar, ba alamar baki ko kofato.

"Masu wuri," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Su ma suna shan ruwa. Da magariba."

"Suna da takardar mallaka?"

"Ba mu tambaya ba. Mun tarar da su." Ya dube shi sama da ƙasa. "Kai fa Bafulatani ne, Jalo. Ka sayar da kunnenka ne ka sayi tabarau?"

Malam Jalo ya yi murmushi irin wanda yake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi. A ransa ya ce, labarin ma ya yi kyau da yawa. Mai gaskiya ba ya zuwa da labari a shirye.

Ranar Juma'a ya ɗebi bular wankin matarsa Kubura, ya kwaɓa da man kaɗe ya yi kauri. Da wannan dabarar ya taɓa kama mai satar ma'aunin zafi a ɗakin gwaji. Duk hannun da ya taɓa, sai ya yi mako yana ba da shaida.

"Bular tawa kuma me ta yi?" in ji Kubura.

"Aikin bincike za ta."

"Da farar jallabiya za ka je laɓe, Malam? Sai ka ce balbela. Kuma magariba a bakin ruwa?"

"Ruwa bai san ƙarfe nawa ba, Kubura."

Ta ja tsaki, irin wanda take ja in ta yi tuntuɓe da takalmansa a bakin ƙofa, ta koma ɗaki.

Bayan la'asar sakaliya ya isa. Ya ɗaura leda a hannu, ya shafe dutsen tas daga sama har ƙasa, ya wurgar da ledar. Sannan ya nemi maɓoya. Cikin shinkafa akwai ruwa da matsattsaku, gindin ciyawar jema kuma sauro kamar ana rabo. Can ya sami wani wuri tsakanin dutsen da bakin ruwa, busasshe, ciyawa mai laushi, dogayen tsirrai sun kare shi dama da hagu. Babu tururuwa. Babu sauro ko ɗaya. Ya zauna yana yaba wa kansa iya zaɓe.

Rana ta yi ja. Balbelu suka taso layi-layi suna komawa makwanci. Kirinjijiya suka wuce ta sama suna fito. Wani guza ya silalo daga gaɓa ya faɗa ruwa, tarwaɗa ta bugi saman ruwa da wutsiya. Iska ta kawo warin laka da ruɓaɓɓen ganye, da hayaƙin girki daga Tirwun. Sai kwaɗi suka fara, ƙanana da farko, sannan burduddugi ya shigo da muryarsa ta tsohon injin niƙa. Ta tudu gyare suka amsa.

Ga Hammajoda nan da shanu.

Malam Jalo ya gyara tabarau. Shanun suka gangaro a dunƙule, da suka kusa sai suka rabu biyu da kansu, wasu dama wasu hagu, ba wanda ya kora su. Dattijon ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya yi sallama ga fili. Ya jira kaɗan, kamar mai sauraron amsa. Dutsen kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Suka sha, suka juya. Malam Jalo ya bi su da ido har farin bijimin ƙarshe ya haye tudu ya ɓace.

Zai dawo, in ji shi a ransa. Ko ya turo wani. Ko ma da Amos aka haɗa baki, don shi ma ya cika saurin ambaton fasto.

Daga nesa ladan ya ɗaga murya.

Kafin ya kai ƙarshe, gyaren gindin giginya suka yi shiru.

Su kaɗai. Ko'ina ana ta kuka, can ne kawai aka yanke, kamar an huda rami a cikin ƙarar. Malam Jalo ya san wannan, ya ma koyar da shi: ƙwari suna yin shiru in wani abu mai nauyi ya gifta. Wato ɓarawo ya iso. Ya riƙe tocila.

Shirun ya fara gangarowa.

A hankali yake tafiya, miƙe, ba ya karkata. Gyaren gaba su ɗauke, na baya ba sa komawa kuka. Ba takun ƙafa. Ba inuwa. Ciyawa ce kawai take kwantawa gaba-gaba, alhali iska ta tsaya cak.

Wani wari ya iso kafin komai. Sanyi-sanyi, kamar an buɗe tsohuwar rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Shirun ya kai ga dutsen, ya tsaya.

Malam Jalo ya kunna tocila. Haske ya faɗa kan dutsen, shuɗi yana ƙyalli. Babu kowa dama. Babu kowa hagu.

Dutsen ya motsa.

Ya fito daga ƙasa da wata ƙara, irin ta saniya in ta zare ƙafa daga laka. Ya tashi daidai ƙirjin mutum. Ya tafi gefe a cikin iska, ba gaggawa. Malam Jalo ya ji leɓɓansa suna ƙirgawa da kansu. Tara. Goma. Sha ɗaya.

Dim.

Ƙasa ta gangara ta cike ramin. Wani abu ya daddaɓe ta sau uku.

Kwaɗin da ke bayansa suka yi shiru.

A lokacin ne ya dubi inda yake zaune. Ya ɗaga kai: ga giginya can, miƙe sak. Ya waiga: ga ruwa. Ciyawa kore shar, faɗin tabarma. Sai yanzu ya gane abin da sauro suka sani.

Ya ce wa ƙafafunsa su tashi. Ba su amsa ba. Ya nemi addu'a, duk wadda ya kamo sai ta tsinke a tsakiya.

Ciyawar da ke gaban yatsunsa ta kwanta.

Sanyin ya tsaya a kansa, dogo, ya tare masa sauran hasken yamma, alhali yana ganin sama ta cikinsa. Wani abu ya sunkuyo. Ya ji numfashi a goshinsa, mai ɗanshi.

Sai aka ja tsaki.

Dogo, a gajiye. Sak na Kubura.

"Wani kuma," aka raɗa can sama da kansa.

Hannaye biyu suka shiga ƙarƙashin hammatarsa. Sanyinsu ya ratsa har haƙarƙari. Aka ɗaga shi kamar jariri, ƙafafu na lilo, takalmi ɗaya ya suɓuce. Ya ga saman shinkafa yana wucewa a ƙarƙashinsa.

Aka dire shi kusa da dutsen. A tsaye kyam. Aka ɗan danna kafaɗunsa ƙasa, don ya zauna daram.

Sannan suka wuce. Ba ɗaya ba ne. Ciyawa ta yi ta kwantawa tana tashi, tana kwantawa tana tashi, manya da ƙanana. Bado ya dare gida biyu. Daga bakin ruwa aka fara jin sha, a nutse, kamar na garken da ya wuni a rana.

Bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ciwon gwiwar shekara goma bai hana shi isa bakin titi kafin a idar da salla ba. Mai keke-napep ɗin da ya ɗauko shi ya ce tunda yake bai taɓa ganin dattijo ya shiga napep tana tafiya ba.

"Ka kama shi?" in ji Kubura.

"Ana kan bincike."

"Juyo nan." Ta ɗaga masa hannu ta haska fitila. "Malam, wa ya ɗauke ka?"

A ƙarƙashin kowace hammata akwai shatin hannu, shuɗi, tsaf. Yatsun sun zagayo har sun haɗu a tsakiyar bayansa. Kubura ta fara ƙirga su, da ta wuce biyar sai ta bari.

Da sassafe Hammajoda ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da takalmi ɗaya. Ya ce a gefen dutsen ya same shi, an kakkaɓe masa laka. Malam Jalo ya miƙa masa hannu, ya daɗe yana duban tafin dattijon. Fari fat, ba ɗigon shuɗi.

"Ka kwana lafiya, Modibbo?"

"Lafiya lau. Iskar fadama ce. Ruɓaɓɓen ganye na fitar da wata iska mai juya kai, akwai ta a littafin aji huɗu."

"Haka ne," in ji Hammajoda. "Tana da ƙarfi kam."

Har yau Malam Jalo bai canza ra'ayi ba, kuma duk wanda ya zauna da shi zai sha bayani. Littattafansa dai suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Jallabiyar tana ƙasan akwati, an wanke ta sau huɗu. Gwiwar ba ta sake ciwo ba. In magariba ta yi yakan ɗan yi gyaran murya ta wajen katanga, ya ce maƙogwaro ne.

Ranar Asabar ɗin Amos ya sake awo, aka ja igiya daga inda dutse yake. A takardar filin, wurin da aka tambayi dalilin rage taku goma sha ɗaya, Malam Jalo ya rubuta da hannunsa: laushin ƙasa.