Rediyon Injiniya da Harshen Auta

Da rana ta yi ja ta fara neman wurin faɗuwa, Inna ta ɗage ƙafarta daga kan keken ɗinki ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana yin haka. Ta bi ɗaki ɗaki ta kashe fanka, ta zare wayar firji, ta cire cajar da Auta ta manta a bango. A gidan nan idan magariba ta kawo kai, duk abin da ke cin wuta dole ya mutu, saboda a cewar maigidan suna zuba masa ƙara a cikin rediyo.

Maigidan, wanda kowa ke kira Injiniya, bai taɓa zama injiniyan komai ba. Direban masu awon ƙasa ne, da kamfanin ya watse aka sallame shi da motar da yake ja. Motar ta daɗe da mutuwa, tana tsakar gida a kan duwatsu huɗu, ko taya ɗaya babu. Amma a gefen sitiyarinta akwai tsohon rediyon magana, akwatin ƙarfe mai nauyin ɗan rago, da ƙananan kwalabe a ciki masu yin ja idan sun ɗau zafi. Saboda shi ya zauna jarrabawa da furfurarsa, ya karɓi lasisi da lambar kira, ya kafa eriya doguwa a kan motar. Maƙwabta suna ce wa abin oba-oba, kuma duk wanda ya faɗi haka a gabansa ya yi asarar gaisuwar wata guda. Faɗuwar rana, in ji shi, ita ce lokacin da murya ke tsallake teku, don haka sallarsa ta magariba kamar ta wanda ake kora take.

'Ya'yansu duk sun kama gabansu, saura Auta, mai shekara goma sha tara. Auta tana da in'ina. Kalma takan tsaya mata a baki ta yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyanta ta tashi. Inna ta iya jira, ta san idan aka ba yarinyar lokaci maganarta tana da daɗi, har da barkwanci. Uban kuwa da ta fara sai ya ce idan ta gama haɗa kan maganar ta aiko masa a rubuce. A gaban baƙi ma yana faɗa, su yi dariya don ba su san abin da za su yi ba.

Watanni huɗu ke nan Injiniya yana bin murya guda, ta wani dattijo ɗan ƙasarsu da ya daɗe a wani tsibiri bayan teku. Shi yana jin dattijon sama-sama, dattijon ba ya jinsa ko kaɗan. Daga ƙarshe ya ɗora laifin a kan ƙasa. Akwai sandar tagulla da ya kafa a bayan motar, daidai bakin wata tsohuwar rijiya da aka cike tun kafin su sayi gidan, waya ta taso daga rediyon ta ɗaure a jikinta. Ya ce ƙasar wurin ta bushe, kuma littafinsa ya ce maganin haka ruwan gishiri ne.

A yammacin nan ya leƙo ta tagar motar ya ce a tafasa ruwa cikin babbar tukunya, a narka gishiri a ciki, a zuba a gindin sandar yanzu-yanzu, yana so ya ji da kunnensa ko ƙarar za ta ragu. Inna ta ce ya bari sai da safe, ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa a irin wannan lokaci. Ya ce da safe dattijon barci yake yi, kuma shi bai auri mace don ta riƙa karanta masa tatsuniya ba. Ta san abin da ya kamata ta yi. Amma tsoron fushinsa ya fi ƙarfinta, da hannunta ta ɗora tukunyar.

Auta ce ta ɗauko ta da tsumma, tururi yana dukan fuskarta. Ta tsaya a gindin sandar za ta ambaci sunan Allah kamar yadda uwarta ta koya mata, sai kalmar ta maƙale. Inna tana daga bakin ƙofa tana ganin leɓɓanta suna rawa a kan harafin farko. Injiniya ya daki ƙofar motar da tafin hannu.

"Zuba mana! Sai rana ta gama faɗuwa?"

Ta zuba. Abin da ya fito daga lasifikar rediyon ba ƙarar iska ba ce. Duk macen da ta taɓa goyo ta san kukan jaririn da wuta ta taɓa, kukan nan da yake yankewa don numfashi ya ƙare sannan ya dawo. Ya yi sau uku ya ɗauke. Tukunya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota, Auta tana tsaye hannuwanta a miƙe kamar har yanzu tana riƙe da ita. Injiniya ya murɗa wani maɓalli, ya kasa kunne, ya ce alhamdu lillahi, ƙarar ta ragu sosai.

Ranar Auta ba ta ci abinci ba. Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin motar, na biyu a kan kwanon ɗakin Auta, daga nan suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Inna ta ɗauki guda, ta ji shi da ɗumi da laima, da ya bushe a hannunta sai ya yi fari da gishiri. Injiniya ya ce yaran unguwa ne marasa tarbiyya. Da ta nuna masa bororon ƙuna da suka feso a bayan Auta, inda ko ɗigon ruwa bai taɓa ba, ya ce yarinyar ba ta iya ɗaukar tukunya ba ne, kamar yadda ba ta iya komai ba.

A yammaci na uku Inna ta shiga ɗakin da kofin ruwa ta tarar da Auta zaune a ƙasa ta juya wa ƙofa baya, tana jijjiga gwiwa kamar mai lallashin yaro. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ajiye ruwanki, baiwar Allah, na ga isasshen ruwa a gidan nan. Ina mai sandar?"

Kofin ya suɓuce. Shekara goma sha tara Inna tana roƙon Allah ya nuna mata ranar da 'yarta za ta yi magana a miƙe ba tuntuɓe, ga ranar ta zo, kuma muryar wata tsohuwar mace ce. Ta yi kuka har ta rasa hawaye. Da gari ya waye ba ta nemi iznin kowa ba, ta yafa mayafi ta tafi neman malamin da ake kira idan irin wannan ta faru.

Malamin dattijo ne siriri mai tabarau, bai zo da komai ba sai Alƙur'ani da gorar ruwa. Ya duba sandar, ya duba bakin rijiyar. Ya ce a jira magariba, kuma dole uban yarinya ya zauna a ɗakin. Injiniya ya zauna a bakin gado yana satar kallon agogo.

Malam ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano, sannan suka tsaya. Auta ta sandare, ta yi wani gurnani, idanunta suka juye. Da ya tambaya ko wane ne, sai muryar ta ba da labarinta ba tare da an matsa mata ba. Ta ce su aljanu ne, mazauna rijiyar tun kafin a aza tubalin gidan. Da aka soke musu rufi da sandar tagulla sun yi haƙuri. Kullum da yamma idan mutumin nan ya danna abin maganarsa wuta takan bi sandar ta sauko musu, suka koya wa yaransu su matsa gefe a wannan lokaci, suka ci gaba da haƙuri. Ƙaramin ɗanta ne bai san komai ba, rarrafe yake yi.

"Na ji yarinyar ta fara ambaton sunan Allah," in ji ta. "Na miƙa hannu zan janye shi. Da an bar ta ta ƙarasa, da na kai gare shi. Kwana biyu ya yi yana kuka, sannan ya daina."

Malam ya yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowace uwa. Sannan ya ce mata ta ji tsoron Allah, da bakinta ta wanke yarinyar, zalunci ne ta kama wadda ba ta da laifi. Ta ce ɗa da ɗa ake biya. Ya koma karatu, ya ɗaga murya, ya yayyafa ruwa. Auta ta yi ta birgima tana ihu, Inna ta danne ƙafafunta. Can muryar ta ce ya dakata, za ta fita, amma da sharaɗi. Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci uban.

"Zan bar muku jikin. Harshen kawai zan tafi da shi, ai kai ba ka da amfani da shi. A madadinsa zan goya muryarka a bayana kowace magariba in kai ta inda ƙarfenka bai taɓa kaiwa ba. Duk wanda ka kira zai ji ka kamar kuna ɗaki ɗaya."

Malam ya ce ba a ciniki da ita a kan ko gashi guda na yarinyar nan, kuma kada wanda ya amsa mata. Inna ta buɗe baki za ta tsine wa aljanar. Kafin ta yi, sai ta ji muryar mijinta ƙasa-ƙasa, irin muryar mai taya kaya a kasuwa ba ya so a ga ya ƙwallafa rai.

"Har tsibirin?"

Malam ya cire tabaransa ya dubi Injiniya. Aljanar ta fara dariya, dariyar ta yi tsawo, sannan ta mutu a hankali, har abin da ya rage ya fi kama da gajiya.

"Malam, rufe littafinka, na fita don kaina," in ji ta. "Na zo ne in ƙona zuciyar uba kamar yadda aka ƙona tawa. Ashe kwana huɗu na yi ina dukan abin da ba ya masa ciwo. Ba na son harshenta, ba na son komai na gidan nan." Ta dubi Inna. "Ke kuwa, mai ɗora tukunya, ki sani duk abin da na ji da kunnen nan, 'yarki ma ta ji."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Ƙaramin yatsan ƙafar hagun Auta ya yi ta karkarwa, ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Injiniya ya fara bayani cewa shi tambaya kawai ya yi don ya kama ta da ƙarya. Malam ya ce a cire sandar nan daga bakin rijiya kafin gari ya waye, ya sa takalmansa ya fita bai ba shi hannu ba.

Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Bororon ƙunar suka bushe suka warke cikin mako biyu. Auta tana ci, tana sha, tana salla, tana taya uwarta yanka yadi da sa maɓalli, amma ba ta sake cewa komai ba. Inna ta kai ta asibiti, likita ya leƙa maƙogwaronta ya ce lafiya lau yake. Ta koma ta ɗauko Malam, ta ce aljanar ta ci amana ta tafi da harshen. Ya zauna ya yi karatu mai tsawo, Auta tana sauraro da ladabi, kanta a sunkuye, ko gezau ba ta yi ba. Da ya rufe Alƙur'anin ya dubi Inna.

"Babu kowa a jikinta, Hajiya. Wannan shirun nata ne, kuma ba ni da ayar da ke fitar da shi."

Injiniya ya cire sandar kamar yadda aka ce, ya sake kafa ta a ɗaya gefen motar. Da damina ta sauka ƙasa ta jiƙa da kanta. Wata magariba Inna tana zaune kusa da taga tare da Auta suna warware wani ɗinki da hannu, tana roƙonta kamar kullum, ko kalma ɗaya, ko zagi ne ta zage ta a kan tukunyar nan. Sai suka ji ihun murna daga tsakar gida. Dattijon tsibiri ya amsa. Muryarsa ta fito daga lasifika a raunane, ta wanda tsufa ko ciwo ya karya wa harshe, yana jan kowace kalma yana tsayawa yana sake farawa. Injiniya ya danna makirfo, ya yi magana da wata murya mai taushi da Inna ba ta taɓa sanin yana da ita ba.

"A hankali, babana, kada ka takura kanka. Faɗi yadda ka iya, ina jinka. Babu inda za ni."

Auta ta ajiye almakashi, ta miƙa hannu ta ja tagar ta rufe, ta koma kan zaren da take cirewa.